Uwargida, Wane Kifi Ne A Akwatin Falonki? Yadda Za Ki Bambance Jinsunan Loci

Yau filinmu na kula da gida zai leƙa falo ne, wajen akwatin gilashin nan da ake cikawa da ruwa a saki kifayen ado a ciki, wanda 'yan boko ke kira akwariyam. Abu ne mai ƙawata ɗaki da sanyaya rai, yara ma sukan zauna gabansa su manta da ƙiriniya. Sai dai abin da ke cikinsa mai rai ne. Ranar da aka shigo da shi gidanki ya zama amana, kuma galibi a wuyanki take sauka, domin maigida ya sayo ya fita nema, yara sun tafi makaranta, ke ce mai wuni da shi.

Daga cikin kifayen da ake sakawa a irin wannan akwati akwai wani dangi da ake kira loci. Su ne 'yan kifayen nan masu gajeren gashin baki da ke kiwo a ƙasan ruwa, suna tonon yashi suna leƙa ƙarƙashin duwatsu. A shago duk ƙanana ake ganinsu, ba su wuce tsawon ɗan yatsa ba, wani lokaci ma suna guda mai shago zai laƙa musu. To amma kama da wane ba ta wane. A cikinsu akwai wanda zai tsaya a santimita 6 har ya tsufa, akwai wanda zai kai tsawon rular 'yan makaranta. Akwai mai haƙuri, akwai mai yagar wutsiyar abokan zamansa cikin dare. Akwai mai son ruwan ɗumi, akwai wanda zafin bazara ke halakawa. Idan ba ki san wanda aka sayo miki ba, ba yadda za a yi ki san haƙƙinsa, ƙarshenta kuɗi ya tafi, kifi ya mutu, yara na kuka, ga kuma alhaki. Saboda haka ki gyara zama mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

SHI WANE NE LOCI?

Loci babban dangi ne da masana suka lissafa jinsi fiye da 1,000 a cikinsa, kuma kusan dukkansu 'yan nahiyar Asiya da Turai ne. A Afirka ba a same su ba sai a Maroko da Habasha. Shi ya sa masuntanmu ba su san shi ba, ba shi kuma da sunan Hausa. Duk wanda kika gani a shago asalinsa daga waje ne, galibi Indunusiya, Tailan, Indiya, Biyetnam ko ƙasar Sin.

Saboda gashin bakinsa, wasu kan ɗauka ɗan tarwaɗa ne. Ita tarwaɗa kanta faffaɗa ne, bakinta wangameme, gashin bakinta dogaye, jikinta kuma babu ɓawo ko kaɗan. Loci kuwa ɗan ƙaramin baki gare shi mai kallon ƙasa, gashin bakin gajeru ne sun kewaye shi kamar geza, yana kuma da ɓawo, sai dai ƙanana ne ƙwarai sun nutse cikin fata. Da yawa daga cikinsu suna da wata ƙaya a ɓoye ƙarƙashin kowane ido, wadda suke miƙar da ita idan sun tsorata. Ita ke sa su maƙale a raga, tana kuma iya soke hannu. Don haka da kofi ko 'yar roba ake kama loci, kuma kada a bar yaro ya tsoma hannu.

ABUBUWA HUƊU DA ZA KI DUBA

Na farko shi ne ƙirar jiki. Ƙira uku za ki riƙa haɗuwa da su: masu ɗan ƙusumbi da wutsiya mai baki biyu kamar almakashi, dogaye sirara masu kama da tana ko ƙaramin maciji, sai kuma shimfiɗaɗɗu masu manne wa gilashi. Da zarar kin gane ƙirar, kin yi rabin aiki.

Na biyu zanen jiki. Ki ƙirga ratsin, ki duba a tsaye suke ko a kwance, sun bi ta kan ido ko ba su bi ba, sun zagaye ciki ko sun tsaya a gefe. Na uku launin fikafikai da wutsiya. Na huɗu kuma tsawon baki, gajere ne mai ɗan dunƙule ko dogo mai tsini.

Sai dai ki yi hattara da abu biyu. Loci yakan kwashe launinsa ya yi fari-fari idan ya tsorata ko yana faɗa da ɗan'uwansa, sai bayan ya natsu launin ya dawo. Haka nan zanen ƙuruciya yakan sauya idan ya girma. Don haka kallo ɗaya ba ya isa, ki tsaya ki duba kifi uku ko huɗu a cikin garken. Za ki ga mun haɗa da sunayensu na kimiyya. Amfaninsu shi ne sunan kasuwa yana sauyawa daga shago zuwa shago, na kimiyya kuwa ɗaya ne a duk duniya, kina rubuta shi a wayarki hoton kifin zai fito ki gwada da wanda ke gabanki.

KILAWUN, MAI RATSI UKU

Wannan shi ne ya fi kowane loci suna, kuma shi ya fi jawo da-na-sani. Ma'anar sunansa ɗan wasan barkwanci mai riga kala-kala, a kimiyyance kuma Chromobotia macracanthus. Ɗan tsibiran Sumatara da Boniyo ne a Indunusiya. Wani likita ɗan ƙasar Holan mai suna Pieter Bleeker ne ya fara rubuta bayaninsa a 1852, kuma kalmar ƙarshe ta sunan tana nuni ne ga babbar ƙayar nan ta ƙarƙashin ido.

Gane shi ba wuya. Jikinsa ruwan lemo ne mai haske, da manyan ratsi baƙaƙe guda uku: na farko ya bi ta kan ido, na biyu a tsakiyar jiki, na uku ta wajen wutsiya. Wutsiyar da fikafikan ƙirji ja ne, gashin bakinsa kuma guda takwas. Idan fikafikan cikinsa ja ne zalla, ɗan Sumatara ne, idan akwai baƙi a jikinsu ɗan Boniyo ne. Akwai wani kifi da ba loci ba da ake rikita su, wanda ake kira taiga bab. Shi ratsinsa huɗu ne, a tsakiyar ruwa yake yawo, kuma bai wuce santimita 7 ba.

Ga inda gizo ke saƙar. Ana sayar da kilawun yana santimita 5, amma yana kaiwa 20 zuwa 30, yana kuma rayuwa fiye da shekara goma, wasu ma su haura ashirin. Ba ya zama shi kaɗai, sai cikin garke na biyar ko fiye, in ba haka ba ya ɓuya ya rame. Garke irin wannan idan sun girma suna buƙatar akwatin da tsawonsa bai gaza mita ɗaya da rabi ba, mai cin ruwa lita 400 ko fiye, wato jarka 16 masu lita 25. Uwargida, kafin ki ce a zuba miki su a leda, ki tambayi kanki ko falonki da aljihun maigida za su ɗauki wannan nan da 'yan shekaru.

Yana da halaye biyu masu tsorata wanda bai sani ba. Yakan kwanta a gefe ɗaya shiru kamar ya mutu, alhali hutawa yake yi. Yakan kuma yi wata ƙara ƙas-ƙas lokacin cin abinci, har ki yi zaton gilashi ne ke tsagewa.

YOYO, JAKIN DAWA DA MAI ATAMFA

Waɗannan uku 'yan gida ɗaya ne da ake kira Botia, suna da ƙirar kilawun amma ba su kai shi girma ba.

Yoyo dai ba ruwansa da yoyon ɗaki. An sa masa sunan ne domin lokacin ƙuruciya baƙin zanen da ke kan farin jikinsa yana fitowa kamar an rubuta haruffan Y da O a jere. Sunansa na kimiyya Botia almorhae, daga garin Almora na arewacin Indiya, kuma a rassan kogin Ganga na Indiya da Nefal yake rayuwa. A wasu shagunan za ki ji ana ce masa ɗan Pakistan. Idan ya girma haruffan sukan warwatse su koma kamar saƙar raga, sai ki yi zaton wani kifin ne daban. Yana kaiwa santimita 13 zuwa 15. Ba mugu ba ne, amma rawar kai gare shi, yana takura wa kifaye masu sanyin jiki da dogayen fikafikai.

Na biyu shi ne zebura, wato jakin dawa, Botia striata, daga kogunan tsaunukan yammacin Indiya. Ratsinsa sirara ne masu yawa, ruwan ɗorawa da ruwan ƙasa mai duhu, jere kusa da kusa tun daga kai har wutsiya. Bai cika wuce santimita 9 ba, yana da natsuwa, kuma yana cikin waɗanda suka fi dacewa da matsakaicin akwati. An sanya shi cikin jerin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa a mazauninsu na asali, don haka wanda ya same shi ya riƙe shi da daraja.

Na uku Botia kubotai ne daga ƙasar Bama, wanda sai a 2004 masanin kifaye ɗan Suwizalan, Maurice Kottelat, ya ba shi suna. Baƙaƙen layuka na tsaye da na kwance sun haɗu a jikinsa sun bar manyan ɗigo-ɗigo ruwan ɗorawa, kai ka ce atamfa ya ɗaura. Yana ƙarami ratsi ne kawai a jikinsa, ɗigon na fitowa ne a hankali. Girmansa kusan ɗaya da yoyo.

Dukkansu ukun, har da kilawun, gwanayen cin katantanwa ne. Idan ƙananan dodon koɗi sun addabi akwatinki za su rage miki su. Idan kuwa da gangan kika saka katantanwa don ado, to kin kawo musu kalaci.

ƊAN SARƘA DA MAI LAYIN BODARI

A nan ne kuskure ya fi tsada, domin duka biyun ƙanana ne masu baƙin zane a gadon baya, amma halinsu ya yi hannun riga.

Ɗan sarƙa, Ambastaia sidthimunki, ɗan ƙasar Tailan ne da aka rubuta bayaninsa a 1959. Bai wuce santimita 6 ba. Bayansa da gefensa akwai baƙaƙen layuka a kwance da gajerun ratsi suka haɗa su, suka bar ƙananan zobba masu haske kamar sarƙar wuya, cikinsa kuma fari tas. Da rana yake fitowa, yana yawo cikin garke har tsakiyar ruwa, abin sha'awa ga yara. Ya yi ƙaranci ƙwarai a kogunansa, waɗanda ake sayarwa galibi a gonakin kifi aka ƙyanƙyashe su, shi ya sa yake da ɗan tsada.

Ɗaya kuma shi ne sikonk, Yasuhikotakia morleti, wanda aka sa wa sunan wata dabba mai kama da bodari. Jikinsa fari-fari ne mai ɗan ruwan ƙasa, da baƙin layi guda ɗaya tak da ya taso daga baki ya bi ta gadon baya, sannan ya zagaye gindin wutsiya kamar zobe. Yana kaiwa santimita 10. Wannan ɗan ƙaramin masifaffe ne. Idan kika wayi gari kika ga wutsiyoyin sauran kifayenki a yayyage alhali ba ki ga mai faɗa da rana ba, ki fara tuhumarsa. A taƙaice, layi ɗaya a baya da zobe a wutsiya, ki bar shi a shago sai in akwati na musamman za ki ware masa. Zobba da yawa a jere kuwa, ɗan sarƙa ne, ki saya hankalinki kwance.

Sikonk yana da wani babban ɗan'uwa daga kogin Mekon, Yasuhikotakia modesta, mai jiki ruwan toka da ɗan shuɗi-shuɗi, babu ratsi idan ya girma, fikafikai da wutsiya ja ko ruwan lemo. Yana iya kaiwa santimita 25, kuma shi ma ba kanwar lasa ba ne. Idan kika gan shi da launi mai ɗaukar ido irin shunayya ko kore shar, rina shi aka yi. Rinin yana cutar da kifin, yana kuma zubewa bayan ɗan lokaci. Kada ki ba da kuɗinki a ƙarfafa wannan zalunci.

Sai dangin Syncrossus da ake kira loci damisa. Suna ƙanana ana iya ɗaukarsu jakin dawa saboda yawan ratsi. A nan tsawon baki zai raba miki gardama: jakin dawa bakinsa gajere ne, damisa kuwa dogo mai tsini kamar na jaɓa. Suna haura santimita 20, kuma sun fi kowa faɗa.

DOGAYE MASU KAMA DA TANA

Kuli shi ne ɗan siririn nan da yara kan ce maciji ne. Kaurinsa bai wuce na fensir ba, tsawonsa santimita 8 zuwa 10, jikinsa ruwan ɗorawa ko ruwan hoda da ratsi masu duhu. An sa masa sunan Heinrich Kuhl, wani matashin masani Bajamushe da ya rasu a tsibirin Jawa a 1821. Jinsuna da dama ake sayarwa da wannan suna. Wanda aka fi samu shi ne Pangio semicincta, wanda ratsinsa ke tsayawa a gefe ba su zagaye ciki ba. Pangio myersi ya fi kauri, ratsinsa manya ne faffaɗa. Pangio oblonga kuwa babu ratsi ko ɗaya, ruwan ƙasa ne mai duhu, shi ake kira baƙin kuli.

Abin daɗi shi ne ko kin rikita waɗannan babu asara, domin buƙatarsu ɗaya ce: ruwan ɗumi, yashi mai laushi da za su nutse ciki, wuraren ɓuya, da 'yan'uwa biyar ko shida. Tsakuwa mai kaifi tana cinye musu gashin baki. Ba sa faɗa da kowa, kuma akwati mai lita 60 zuwa 80 ya ishe su. Da dare suke fitowa, don haka ki riƙa zuba musu abinci mai nutsewa bayan an kashe fitila. Ki ɗaure bakin bututun na'urar tace ruwa da soso, domin sun iya shigewa ciki.

Wanda bai kamata ki rikita da kuli ba shi ne dojo, Misgurnus anguillicaudatus, ɗan ƙasashen Sin, Japan da Koriya. A can abinci ne, ana miya da shi. Ya fi kuli kauri nesa ba kusa ba, yana kaiwa kaurin ɗan yatsa da tsawon santimita 20 zuwa 25. Jikinsa ruwan ƙasa ne da ƙananan ɗigo kamar an yayyafa masa barkono, akwai kuma wanda aka fitar ruwan zinare. Gashin bakinsa guda goma ne. Ana yi masa laƙabi da kifin yanayi, domin idan hadari na tasowa yakan rikice ya yi ta sama da ƙasa, saboda yana jin sauyin nauyin iska. Daga cikin ikon Allah a kansa, yana iya haɗiyar iska daga saman ruwa hanjinsa ya tsotse ta, kamar yadda gaiwarmu ke shaƙar iska, sai dai ita da huhu take yi. Yana da saurin sabo, har yakan ci abinci a hannun mai shi. Matsalarsa ɗaya a wajenmu: ɗan ruwan sanyi ne, ya fi jin daɗi idan ruwa bai wuce digiri 24 a ma'aunin Salsiyas ba.

Akwai kuma mai fuskar doki, dangin Acantopsis. Kansa dogo ne mai gangarowa, idanu can sama, jikinsa launin yashi. Yakan binne kansa ya bar idanu kawai a waje. Yana kaiwa santimita 20, ba ya faɗa, amma babu yashi babu zamansa.

SHIMFIƊAƊƊU MASU MANNE WA GILASHI

Waɗannan 'yan rafukan kan dutse ne, inda ruwa ke gudu da ƙarfi. Jikinsu a baje yake, fikafikan ƙirji da na ciki sun buɗe kamar faifai, da su suke manne wa dutse. Tsawonsu santimita 5 zuwa 7. Sewellia lineolata na Biyetnam yana da zane kamar saƙar raga da layuka baƙi da ruwan zinare. Beaufortia kweichowensis na ƙasar Sin ruwan ƙasa ne da ƙananan ɗigo masu duhu. Dangin Gastromyzon na Boniyo kuwa galibi jikinsu ne ke da duhu, ɗigon ko ratsin su yi haske.

Sau da yawa ana sayar da su a matsayin masu share gilashi, a haɗa su da fileko, wani dangin tarwaɗa daga Kudancin Amurka. Ki leƙa cikin kifin lokacin da ya manne wa gilashi. Fileko da baki yake mannewa, za ki ga bakin zagayayye kamar murfin kwalba. Wannan kuwa da dukkan cikinsa da fikafikansa yake mannewa, bakin ɗan ƙarami ne. Suna buƙatar ruwa mai gudu, mai yalwar iska, mai sanyin digiri 20 zuwa 24.

Akwai wani da ake kira loci mai tsotsa, Gyrinocheilus aymonieri, wanda aron sunan kawai ya yi. Ba shi da gashin baki ko ɗaya, bakinsa na tsotso ne. Yana ƙarami yana cin gansakuka, amma idan ya girma ya haura santimita 20 sai ya zama mafaɗaci, har ya riƙa manne wa jikin wasu kifaye yana ji musu ciwo.

WANNE YA DACE DA GIDANKI?

Yanzu da kika san su, sai ki auna da yanayinmu. A bazara, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato, Maiduguri da Yamai, ruwan akwati a ɗakin da ba na'urar sanyaya ɗaki yana iya wuce digiri 30. Ruwa kuma idan ya yi zafi iskar da ke cikinsa raguwa take yi. A haɗa da ɗauke wuta, famfon iska ya tsaya, to shimfiɗaɗɗun nan su ne farkon tafiya, dojo ma yana shan wuya. In ba ki da tsayayyar wuta ko sola da ɗaki mai sanyi, ki haƙura da su.

Kilawun da kuli da ɗan sarƙa sun fi jure ɗumi. Kilawun yana son digiri 25 zuwa 30. Su kuma hunturu ne abokin gabarsu. Idan ruwa ya yi sanyi farat ɗaya sukan kamu da cutar farin ɗigo, ki ga jikinsu kamar an barbaɗa gishiri, kuma kilawun ya fi kowa saurin kamuwa. Don haka ki tanadi ɗan ma'aunin zafi da na'urar ɗumama ruwa, da famfon iska mai caji. Wajen magani ma sanin jinsi yana da amfani, domin fatar loci ba ta jure wasu magungunan da sauran kifaye ke jurewa, musamman masu sinadarin tagulla. Ki gaya wa mai sayar da maganin cewa loci gare ki, ki kuma karanta takardar da ke jikin kwalbar.

Domin sanin litar akwatinki, ki auna tsawo da faɗi da zurfi da tef ɗin ɗinki a santimita, ki ninka su, ki raba da 1,000. Ƙasa da lita 100, ki tsaya kan kuli ko ɗan sarƙa. Daga lita 120 zuwa 200, jakin dawa ko yoyo ko mai atamfa. Kilawun sai babban akwati. Kowanne kika zaɓa ki sayi biyar zuwa shida na jinsi ɗaya, ya fi ki tsinto ɗaya-ɗaya daga kowane jinsi. Ki kuma rufe akwatin da murfi mai kyau, domin loci gwanin tsalle ne.

IDAN ZA A JE SAYE

Ko ke za ki je ko maigida za ki aika, a tafi da tambayoyi uku: mene ne sunansa na kimiyya, ina iyakar girmansa, kuma kwana nawa ya yi a shagon? A guji wanda cikinsa ya shafe, ko bayan kansa ya rame, ko mai farin ɗigo, ko wanda gashin bakinsa ya gutsure. Idan maigida ne ya je, ya ɗauko hoto ya turo miki ku duba tare kafin ya biya, kada a yi cinikin biri a sama. Idan an kawo, a ware sabon kifi a wani ƙaramin akwati na mako biyu zuwa huɗu kafin a haɗa shi da na gida. Wanda kuma ya fi ƙarfin akwatinki, a nema masa mai babban akwati ko a mayar wa mai shago. Kada a sake shi a rafi ko kududdufi. Dojo da aka saki haka ya bazu a kogunan Ostireliya da wasu sassan Amurka ya zame musu matsala.

AMANA CE

'Yar'uwa, addininmu bai hana ajiye dabba don sha'awa ba. Ya tabbata cewa Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik (RA), yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, Manzon Allah (SAW) bai hana shi ba, har ma yakan tambaye shi labarin tsuntsun. Daga nan malamai suka fahimci halaccin abin, da sharaɗin a ba dabbar haƙƙinta. Amma kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba har ta mutu. Kifin da ke cikin gilashi ya fi kyanwa rauni, domin ba ya kuka, ba ya iya fita, duk abin da zai samu sai abin da hannunki ya ba shi.

Ki jawo yara cikin wannan aiki. Ki sa su ƙirga ratsi, su nemo sunan kowane kifi da ƙasar da ya fito a taswira, a ba kowa ranar da zai zuba abinci gwargwado. Ta haka za su tashi da sanin cewa duk mai rai yana da haƙƙi, su kuma ga yadda Mahalicci ya yi wa kowane ɗan kifi irin rigarsa da irin ruwan da ya dace da shi.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya sa albarka a gidajenmu da zuriyarmu. Sai mun haɗu a wata mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.